Tsakanin Akwatin Alhaji Da Rufin Ɗakina

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran rediyo ya san akwai wata cuta da ke kama masu wannan sana'a, wadda ba a maganinta a asibiti, wato cutar son jin sauti mai kyau. Ni dai ta kama ni tun ina yaron shago, yau ga shi shekara 30 da 'yan kai ina riƙe da ƙarfen darma a nan Nima ba ta sake ni ba. A hunturun 2023 kuwa saura ƙiris ta raba ni da kuɗin rufin ɗakina, ta kuma haɗa ni da uwargida. Labarin da nake so in bai wa mai karatu ke nan, domin na san ba ni kaɗai ba ne a zangon nan mai tsofaffin faya-fayan garmaho a ƙarƙashin gado, da kuma ɗan'uwa a ƙasar waje mai cewa faɗi abin da kake so in turo maka.

Babana, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya yi tsakanin Kumasi da Ankara da Ikko, kuma da wuya ya dawo daga Ikko bai riƙo faifai ba. Da ya rasu ya bar kusan 200, akwai na Mamman Shata, akwai na Ɗanmaraya Jos, akwai na E.T. Mensah da sauran masu hailaif. A cikinsu akwai wani akwatin kwano ɗaya wanda ba nasa ba ne, amana ce. Wani maƙwabcinmu ne ya bar masa shi a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, ya ce zai aiko a karɓa, har yau shiru. Ban da faya-fayan, babana ya bar garmaho ƙirar Lenco da wasu akwatuna biyu ƙirar Quad, 33 da 303, waɗanda ya saya hannun wani Bature da zai koma gida. 'Yan'uwana suka ɗauki abin da suka ɗauka na gado, ni aka bar ni da waɗannan, kowa na ganin an cuce ni, ni kuwa ina murna.

To, kafin in yi nisa bari in yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayani. Abin da mutane ke kira amfilifaya a dunƙule, aiki biyu yake yi. Akwai sashen da ke ba da ƙarfin da zai motsa lasifika, wannan shi ne ƙaton gida, mai nauyi da zafi. Akwai kuma sashen da ke gabansa, wanda ke karɓar sauti tun yana jariri daga garmaho ko kaset ko rediyo, ya zaɓi wanda kake so ka ji, ya ɗan rene shi, ya ba ka makunnin ƙarawa da ragewa, sannan ya miƙa wa ƙaton. Wannan na gaban shi ne firi-am. A kayan talakawa akwati ɗaya ake zuba su duka biyun, a kayan manya kuwa kowa da gidansa, kuma akwai firi-am a duniya wanda kuɗinsa ya fi na sabuwar mota.

Inda aikin firi-am ya fi wuya shi ne wajen faifai. Na'urar CD tana fitar da kamar bolt 2, amma allurar garmaho irin wadda aka fi sani, mai alamar MM, abin da take bayarwa bai wuce milibolt 5 ba, wato kashi ɗaya cikin 400 na wancan, dole a ninka shi kamar sau 100. Irin ta masu kuɗi, MC, ta fi wannan ma rauni, sai an ninka sau 1,000. Duk wani huci ko ƙugi da ya shiga a wannan mataki tare za a ninka su. Daɗin daɗawa, ba a yanka faifai da sautin yadda yake. Idan aka bar amo mai kauri da ƙarfinsa, ramin allura zai yi faɗi har waƙa ba za ta shiga faifan ba, don haka masu yanka suna danne mai kauri su ɗaga siriri, kusan desibel 20 kowane gefe, shi kuma firi-am ya juya abin ya mai da shi daidai. A 1954 ne kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni guda, wanda ake kira RIAA. Idan firi-am ya kuskure wannan lissafi ko da kaɗan ne, kalangu zai koma ko dai gwangwani ko kuma tulu.

Wata rana da dare ƙanena da ke Bronx ya bugo mini waya, yana ta zumuɗi. Ya ce, "Yaya, ka tuna akwatin nan da kake nuna mana hotonsa muna yara? Na ga ana sayar da na hannu, dala 4,000 da ɗan wani abu. Ka kawo rabi in cika rabi." McIntosh C22 yake nufi. Wanda bai san wannan suna ba ba zai gane abin da ya faru a ƙirjina ba. A garin Binghamton na jihar New York ake ƙera shi, ya fara fitowa a 1963, kwalabe shida ne a cikinsa irin 12AX7, waɗanda Turawan Ingila ke kira ECC83, kuma shi da Marantz 7 na 1958 su ne sarakunan zamanin kwalba. Kowannensu bai kai dala 300 ba yana sabo, amma yau dubbai ake biya a kan tsohonsa. Ni kuwa a watan ne na ɗauki adashi, kuɗin da muka yi da uwargida cewa na kwanon rufi ne, tunda damina biyu ke nan muna tara ruwa da bokiti a ɗaki. Ga shi kuma tun faɗuwar da sidi ya yi a 2022, dala 2,000 ba abin wasa ba ce.

Na kwana uku ban faɗa mata ba. Da na faɗa, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Malam, akwatin yana tare ruwan sama?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka je ka ji shi da kunnenka tukuna, kada ka sayi hoto."

Maganarta ta sa na nufi gidan wani Alhaji, abokin cinikina, wanda ya yi shekaru a New York ya dawo da kayan sauti cikin kwantena. Yana da C22, ba na asali ba, irin wanda kamfanin ya sake fitarwa a 1995. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, aron mako guda na zo." Ya dube ni kamar na ce ya ba ni aron mata, daga baya ya yarda bisa sharaɗin shi zai kawo shi da kansa, kuma yana zaune za a kunna. Na kuma aro wani ɗan mitsitsin akwati wurin wani yaro daga cikin masu sa kiɗa a biki, Schiit Mani, shi ma ƙirar Amurka, girmansa bai fi sabulun wanki biyu ba, kuɗinsa bai kai dala 200 ba. Shi aikin faifai kawai yake yi, ba shi da makunni, don haka na sayo makunni mai kyau a Zongo Lane na dasa a cikin wani gwangwanin biskit na haɗa masa. Na ukunsu shi ne Quad 33 na babana, wanda na sake wa kafasitoci, domin duk abin da ya haura shekara 40 a zafi da iskar teku ta Ankara dole su bushe.

Ranar farko gumi na yi ta yi, ba don zafi ba. Akwatin Alhaji na wutar Amurka ne, bolt 120, tamu kuwa 230, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma na sha ganin yaran shago sun kashe kayan mutane da soka filogi ɗaya. Sau uku ina auna wutar kafin in yarda in jona. Da ya kama, rubutun da ke jikin baƙin gilashinsa ya haska kore, sai ɗakin ya yi tsit. Na ɗora faifan Shata. Jama'a, ban taɓa jin kalangu haka ba. Kai ka ce makaɗan suna zaune a tabarma gabanmu, ana jin yadda ake matsa tsarkiya ana saki, muryar Shata kuma ta fito da faɗi da nauyi har amshi ya koma bayanta. Da muka mai da na babana sai na ji kamar an rufa wa lasifika bargo. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Malam, ka ji bambancin kuɗi." A zuciyata na riga na sayar da rufin.

Da dare bayan ya tafi sai sana'a ta motsa. Ina da faifan gwaji mai amo guda ɗaya tsayayye, na ɗora shi na sa mita a wayoyin lasifika, a daidai inda muka bar makunnin kowane akwati. Ashe na Alhaji ya fi na babana ƙara da fiye da desibel ɗaya. Wannan tsohuwar dabara ce da duk mai sayar da kayan sauti ya sani, ko da gangan ko ba da gangan ba: idan abu biyu suna wasa, ɗaya ya ɗan fi ƙara, kunne ba ya cewa wannan ya fi ƙara, cewa yake wannan ya fi kyau, ya fi kauri, ya fi fitowa sarai. Shi ya sa masu gwaji na gaskiya suke daidaita ƙara har bambancin kada ya wuce desibel 0.1, wato kamar kashi ɗaya cikin 100 a mita. Mu kuwa da hannu muka juya, kuma hannun da ke son akwati shi ne ya juya.

Wannan gardama ta daɗe a can inda ake ƙera kayan. Mujallar Stereophile da J. Gordon Holt ya kafa a 1962, da The Absolute Sound ta Harry Pearson a 1973, sun tsaya a kan cewa kunne ne alƙali, mita ba ta jin waƙa. Ɗaya ɓangaren suka ce to a rufe ido a gwada kunnen. A watan Janairu 1987 mujallar Stereo Review ta buga sakamakon wani gwaji da David Clark ya shirya, inda aka daidaita ƙara aka ɓoye wa masu sauraro abin da ke wasa, suka kasa rarrabe wani Pioneer mai arha da wasu amfilifayoyi masu tsadar gaske. Har yau ɓangarorin biyu ba su shirya ba. Ni ba na cikin kowace ƙungiya, rufina ne kawai a kan layi.

Washegari na ce wa Alhaji yau da labule za mu yi. Na rataya zane a gaban teburin, na yi wa kowane makunni alama da fenti a inda ƙara ta zo daidai, na koya wa 'yata yadda za ta sauya wayoyi, ta kuma riƙa jefa kwabo don zaɓen wanda za ta jona, tana rubutawa a takarda. Mu namu shi ne mu ji mu faɗa.

Muka fara da CD, wanda ba ya bi ta sashen faifai. Anan dai gaskiya mun sha kunya, domin abin da muka faɗa bai fi na mai canke ba, har gwangwanin biskit ɗina, wanda ba komai a cikinsa sai makunni da waya, Alhaji ya yaba masa da cewa ai wannan ɗumin kwalba ne. Ba abin mamaki ba ne idan aka yi tunani, tunda bolt 2 ya ishi Quad 303 har ya yi yawa, shi da rabin bolt yake bukata, aikin firi-am a nan ragewa ne kawai.

Da muka koma faifai sai labari ya sauya. Na babana muna gane shi kusan kowane lokaci: idan waƙa ta yi shiru akwai ɗan huci a bayanta, can ƙasan amo mai kauri kuma a datse yake, domin an yi shi da mataci mai tare gunjin injin garmaho. Tsakanin na Alhaji da ɗan mitsitsin nan ne aka yi ta fama. Ni na ci 6 cikin 10, wanda ba abin bugun ƙirji ba ne. Akwai lokutan da na rantse ina jin wani ɗan cika a muryar Ɗanmaraya, da wani laushi a kuntiginsa, kuma in an duba takarda na Alhajin ne, akwai kuma lokutan da na ji wannan cikar ashe ƙaramin ne. Kwalba tana iya ƙara wa sauti wani ɗan amo da ke ninki biyu na asali, wanda kunne ke karɓa da daɗi, amma a akwatin da aka ƙera da kyau abin kaɗan ne ƙwarai. Alhaji sau biyu yana nuna labule yana cewa, "Wannan nawa ne, ko a mafarki na san shi," 'yata tana cewa daga ciki, "Baba Alhaji, ƙaramin ne." Na uku bai ƙara rantsuwa ba.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya faru da muka ɗauko faya-fayan da suka sha wuya, kuma su ne mafi yawa, tunda babana ba a gilashi ya ajiye su ba, an yi suna da su, an yi biki, an sa musu allurar da ta cinye. A kan irin waɗannan, ƙaramin akwatin ba ya rufa asiri, duk wani ƙarce da tsatsa sai ya kawo maka har kunne ya gaji. Na Alhaji yana da matacin siririn amo, amma kunnawa ne ko kashewa. Shi kuwa Quad 33, wanda kamfanin Peter Walker na Huntingdon a Ingila ya fitar a 1967, an yi shi ne da sanin cewa faya-fayan mutane ba sababbi ba ne: yana da maɓallai uku na inda za a fara yankewa, 5 da 7 da 10 na dubban girgiza, da wani makunni dabam da kake juyawa a hankali har ƙarcen ya kwanta muryar ta tsaya. Da na saita shi a kan wani faifan Shata da na yanke ƙauna da shi, sai ga waƙa ta fito ana jin kowace kalma. Alhaji da kansa ya ce, "Wannan tsohon ya san mutanensa." Ashe bargon da na ji ranar farko rabinsa rashin ƙara ne, rabinsa kuma wani maɓalli ne da babana ya bari a danne, ni ma na gāje shi a haka ban taɓa tambaya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa akwatin Alhaji yaudara ne. Na buɗe shi da izininsa, kuma a matsayina na mai gyara na cire hula. Komai a sarari, komai hannu na kaiwa, maɓallansa masu nauyi, irin kayan da jika zai gāda ya kai wa mai gyara a gyara masa. Ƙaramin kuwa kayan cikinsa kamar ƙwayar gero suke, ranar da ya mutu sai dai a sayi wani. Kuma wanda ya sayi C22 a Amurka yana iya sayar da shi bayan shekara goma bai yi asara mai yawa ba. To amma wannan lissafin can ne. A nan sai ka biya jirgi, ka biya kwastan a Tema, ka sayi taransifoma da sitabilaiza, ka kwana da fargabar irin wutar da muka gani a shekarun dumso, wadda ke tafiya ba sallama ta dawo da fushi. Kwalba kuma ba ta dawwama, ƙasashen da ke yin ta 'yan kaɗan ne, Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma da yaƙin Yukiren ya tashi a 2022 sai da ta yi wuya ta yi tsada. Ranar da na matsu da kuɗi, wa zai saye shi a Nima? Alhaji ne kaɗai, shi kuma yana da nasa.

Sannan ga ɗakin kansa. Rabin abin da ake biya a manyan akwatunan nan kuɗin shiru ne, wato rashin huci. Ni kuwa bangon siminti gare ni da rufin kwano, ga babura, ga janaretan maƙwabci, ga mai waakye tana kiran ciniki tun asuba. Lokacin da unguwarmu ke yin shirun da za a ji wannan bambanci shi ne idan an ɗauke wuta da tsakar dare, lokacin kuma akwatin ma a kashe yake.

Na bugo wa ƙanena na ce ya bar maganar. Bai ji daɗi ba, ya ce, "Yaya, so nake sau ɗaya a rayuwa ka mallaki abin da kake so." Na gane ba akwatin ne damuwarsa ba, shekara 20 ke nan yana nesa, bai samu jana'izar babanmu ba, yana neman abin da zai yi ne. Sai na ba shi aiki: ya nemo mini ƙaramin nan mai filogin wutarmu, da sabuwar allura mai kyau, da kuma wata allura ta musamman mai kauri ta faifan 78, domin ramin waɗannan ya fi na LP faɗi nesa, siririyar allura ƙasan ramin take shara tana kwaso datti. Duka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin farko ba. Sabuwar allurar kaɗai, da wanke faya-fayan da na yi ɗaya bayan ɗaya da tataccen ruwa, sun kawo bambancin da ko uwargida ta ji daga madafa ba tare da labule ba.

An buga rufi kafin ruwan Afrilu. Yanzu faifai mai lafiya ta ƙaramin yake bi, mai ciwo kuma ta na babana. Ba zan ɓoye ba, har yau in na je gidan Alhaji nakan roƙe shi ya kashe fitila ya kunna akwatin, in zauna ina kallon koren rubutun nan, kuma a wannan lokacin yakan fi mini komai daɗi a kunne, duk da na san abin da takardar 'yata ta ce.

Akwatin kwanon maƙwabcinmu kuwa sai bana na buɗe shi sosai. Duk 'yan 78 ne, masu nauyi da saurin fashewa, yawancinsu na Decca, an yanka su ba bisa ma'aunin RIAA ba, don haka sai na yi ta lalube da makunnan Quad kafin kakaki ya daina huda kunne. Guda 31 ne, biyu sun tsage. Ina kwafe su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar 'yata, na kai na 12. A cikin murfin akwatin akwai sunan mutumin da sunan garinsu da ajami, na ba wani direba mai zuwa arewacin Nijeriya ya tambaya mini ko akwai wanda ya rage a gidan.